Likita ta Waya a Asibitin Karkara: Abin da Ake Tanada Kafin a Sayi Kwamfuta

Duk inda aka tayar da zancen ƙarancin likitoci a asibitocinmu na karkara, ba a jimawa wani zai ce ai zamani ya kawo sauƙi: a kafa kwamfuta da kyamara a Nafada ko Talasse da ke jihar Gombe, likita yana zaune a garin Gombe ya duba marar lafiya. Zancen yana da ƙamshin gaskiya, sai dai yadda ake faɗarsa ne ke sa a kama aikin ta wutsiya. Waya ba ta ƙara mana likita ko ɗaya. Iyakarta ta kai shawarar likitan da muke da shi inda ƙafarsa ba za ta kai ba a wannan ranar. Hannun da zai taɓa ciki, ya auna jini, ya nemo jijiya ya sa ruwa, yana can ƙauyen, kuma galibi hannun jami'in lafiya ne na matakin farko, ko nas, ko ungozoma. Idan wannan hannun bai ƙware ba, ko ba shi da kayan awo, ko ya buga waya ba a ɗauka ba, to komai kyan allon da aka rataye a bango ba zai tsinana wa marar lafiya komai ba.

Ƙarancin kuwa ba abin musu ba ne. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, mutumin Misau, ya ce likitocin da ke da lasisin aiki a ƙasar nan kimanin 55,000 ne, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun fice waje cikin shekaru biyar. Waɗanda suka rage ma a manyan birane suka taru. A jihar Gombe, mai ƙananan hukumomi 11 da gundumomi 114, yawancin ƙwararrun likitoci suna cikin garin Gombe ne, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha. Manyan asibitocin ƙananan hukumomi da likitoci 'yan ƙalilan suke aiki, asibitin gunduma kuwa galibi ba shi da likita a zaune.

Ba yau aka fara gwada wannan hanya ba, kuma Gombe na cikin wuraren farko. A 2007 hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya suka ƙaddamar da gwajin duba marasa lafiya ta tauraron ɗan'adam, aka haɗa asibitocin koyarwa na Ibadan da Maiduguri da cibiyoyin lafiya na tarayya shida, har da ta Gombe. Tauraron NigComSat-1 da aka harba a watan Mayun shekarar ya daina aiki a Nuwamban 2008 saboda matsalar farantan solarsa. Yau kayan sun fi na wancan lokaci araha nesa ba kusa ba, domin wayar da ke aljihun ungozoma tana iya yin mafi yawan aikin. Saura tsarin mutanen da ke ɓangarori biyu na wayar, kuma nan ne ake yawan faɗuwa.

A fara da wanda zai ɗauki wayar

Abin da aka fi yi shi ne a buɗe zauren WhatsApp, a zuba likitoci ashirin da ma'aikatan ƙauye hamsin, a ce duk mai matsala ya turo. Makon farko abin kan yi armashi. Kafin wata biyu sai ka ga an turo bayanin yaro mai suma da ƙarfe ɗayan dare, likitoci goma sun karanta, kowa na zaton wani zai amsa. Abin da ke ɗorewa shi ne jadawali a rubuce: wane likita ne ke riƙe da waya daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma, wa zai karɓa daga nan zuwa wayewar gari, wa za a kira idan na farkon yana ɗakin tiyata. Wayar ta zama ta aikin ce ba ta mutum ba, lamba ɗaya da ba ta canzawa, ana miƙa ta hannu da hannu. A kuma yanka lokacin amsa. Kiran gaggawa kada ya wuce minti 5, idan an buga sau biyu ba a ɗauka ba a koma lamba ta biyu ba tare da jin nauyi ba. Saƙon da ba na gaggawa ba ya samu amsa kafin awa 24.

Likitan nan a biya shi, a kuma ɗauke masa layin marasa lafiya na lokacin da yake riƙe da waya. Wanda mutum sittin ke jiransa a bakin ƙofa ba zai saurari ungozomar Dukku da natsuwa ba. Aikin sa-kai yana da lada, amma ba a gina jadawalin dare a kansa.

A ganina ya fi a yi abin hawa biyu. Asibitocin gunduma su riƙa kiran likitan babban asibitin ƙaramar hukumarsu, a ce Bajoga ko Kumo ko Kaltungo, shi kuma idan abin ya fi ƙarfinsa ya kira ƙwararre a Gombe. Dalili kuwa, can ɗin ne za a kai marar lafiyar idan ta kama a tura shi, gara wanda zai karɓe shi ya riga ya san labarinsa. A fara da asibitoci biyar ko shida ga likita guda, ya kuma taka ya je ya gan su da idonsa, ko da sau ɗaya a wata uku, ya san ma'aikatan da sunayensu, ya san abin da ke kan kantar maganinsu. Akwai kuma maganar da ba a cika faɗa ba: likitan da ke yi wa ƙaramin ma'aikaci tsawa a waya, yana tambayarsa a wace makaranta ya yi karatu, ba da daɗewa ba wayarsa za ta yi shiru, ba don marasa lafiya sun warke ba.

Kafin a danna lamba

Likitan da ke nesa da lambobi yake gani. "Jikinsa da zafi sosai" da "numfashinsa na sama-sama" ba su ishe shi yanke hukunci ba. Don haka kuɗin farko a kayan awo ya kamata ya tafi, kuma duk a haɗa su ba su kai kuɗin babbar kwamfuta guda ba: na'urar awon hawan jini, ma'aunin zafin jiki, 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa ta nuna oksijin, na'urar awon suga, sikeli na manya da na jarirai, tef ɗin awon damtsen yara, tsinken gwajin fitsari, kayan gwajin maleriya, na'urar jin bugun zuciyar ɗan tayi, da agogo mai nuna daƙiƙa. In da hali a ƙara na'urar awon yawan jini.

Kowanne a cikinsu yana da hanyar da yake yin ƙarya. A na'urar awon hawan jini, ƙaramin maɗauri a babban damtse yana nuna jini ya hau fiye da yadda yake, saboda haka a samu maɗauri aƙalla biyu, matsakaici da babba, a kuma bar mutum ya zauna minti 5 kafin a auna idan ba gaggawa ba ce. Na'urar yatsa takan rikice idan hannu ya yi sanyi, ko yaro na motsi, ko an shafa jan farce ko baƙin lalle mai kauri, sai a ɗumama hannun ko a sauya yatsa, a jira lambar ta tsaya. Ƙasa da 90 yana nufin ana buƙatar oksijin da babban asibiti. Tsinken awon suga zafi da iska na lalata shi, kuma na wannan kamfani ba ya shiga na'urar wancan, abin da masu sayo kaya ke mantawa kenan har a wayi gari da na'ura sabuwa fil babu tsinke. Gwajin maleriya na gaggawa yakan ci gaba da nuna akwai cutar har makonni bayan an warke, don haka yaron da ya sha magani kwana goma da suka wuce ya dawo da zazzaɓi, kada layi biyu su sa a daina neman wani dalilin. Numfashin yaro kuwa minti guda cur ake ƙirgawa yana kwance lafiya ba yana kuka ba. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 zuwa sama ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11, 50 ne. Daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5, 40. Damtsen da bai kai santimita 11.5 ba tamowa ce mai tsanani.

Sai tsarin faɗin bayani. A buga shi a takarda guda a manna kusa da waya, kowa ya bi shi har ya zama jiki. Ga yadda kira mai kyau yake:

"Likita barka da dare, ungozoma ce daga asibitin gunduma kaza. Ina da mace 'yar shekara 19, cikin fari, wata takwas. Ciwon kai tun jiya, tana gani dishi-dishi, ta yi jijjiga sau ɗaya a gida. Jininta 170 bisa 115, na sake aunawa haka yake. Bugun zuciya 104, numfashi 22, zafin jiki 37.1, fitsari ya nuna furotin da yawa. Zuciyar ɗa na bugawa 140. Naƙuda ba ta fara ba. An ba ta jiƙo a gida, ba ta sha maganin kemis ba. Ina da magniziyam salfet da nifedifin. An tafi neman mota. Me zan fara ba ta?"

Bai kai minti guda ba, amma likita ya samu duk abin da yake nema, har da abubuwa biyu da aka fi mantawa: me aka sha kafin a zo, kuma me ke akwai a asibitin. Idan ya ba da umarni, ma'aikaciyar ta maimaita masa da bakinta, sannan ya turo shi a rubuce, ta kwafe a katin marar lafiya da sunan likitan da lokacin.

Maimaitawar nan ba ƙa'idar banza ba ce, domin a waya miligiram da mililita suna saurin cakuɗewa. Ɗauki allurar atesunet ta maleriya mai tsanani. Babba ana ba shi miligiram 2.4 a kowane kilo, yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 a kowane kilo, a farko, sai bayan awa 12, sai a cikar awa 24 daga kashin farko. Kwalbar miligiram 60 ana fara narkar da ita da mililita 1 na ruwan bayikabonet da ke zuwa tare da ita. Idan ta jijiya za a bayar a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri, kowace mililita ta zama miligiram 10. Idan a tsoka ne a ƙara mililita 2, kowace mililita ta zama miligiram 20. Yaro mai kilo 12 yana buƙatar miligiram 36, wato kusan mililita 4 a haɗin jijiya, kusan 2 a haɗin tsoka. Likitan da ya ce "ba shi huɗu" bai tambayi wane haɗi aka yi ba, zai iya ninka wa yaro magani bai sani ba. Kuma duk lissafin nan a kan nauyi yake, shi ya sa sikelin da ya lalace ya fi kyamarar da ta lalace haɗari.

Haka magniziyam salfet ɗin waccan mai jijjigar. Kashin farko giram 14 ne: giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 5 a kowane ɗuwawu. Ruwan da ake kawowa galibi mai ƙarfin kashi 50 ne, wato giram 1 a mililita 2. Na jijiya sai an tsinka shi, mililita 8 na magani da 12 na ruwan allura, a tura shi cikin minti 5 ko fiye. Na ɗuwawu mililita 10 ne kowane gefe, a zurfafa. Amma kwalaben ba girmansu ɗaya ba, wata giram 1 ce wata giram 5, don haka "kwalba biyu" ba umarni ba ne. Likita ya sa a karanta masa abin da ke jikin kwalbar, ko a turo hotonta. Kafin a ƙara wani kashi bayan awa 4 sai an tabbatar numfashi ya kai 16 a minti, gwiwa na zabura idan an buga, fitsari na fita aƙalla mililita 30 a awa, kuma kalsiyam gulukonet, maganin da ke karya shi idan ya yi yawa, na kusa. A ƙaramin asibiti dai abin da ake so shi ne a ba da kashin farko a sa ta a mota.

Inda waya ba ta da hurumi

Babban haɗarin wannan tsari shi ne ya zama dalilin jinkiri. Naƙudar da ta tsaya, cikin da ya kumbura ya yi tauri, jinin da ya ƙare, ƙashin da ya karye ya fito waje, duk ba su da magani a waya. Tiyata suke so ko ƙarin jini. Ƙa'idar ita ce a kira likita a daidai lokacin da wani ya tafi neman mota, ba a jira a gama magana sannan a fara tunanin direba ba. Lambobin direbobi biyu ko uku na garin da aka yi yarjejeniya da su, su ma a manna su a bango kusa da ta likita. Amfanin kiran a nan shi ne a san abin da za a yi kafin a tashi, a kuma sanar da inda za a je su tanadi jini da ɗakin tiyata.

Zubar jini bayan haihuwa ma ba ta jiran waya. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci kusan 80 a Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya nuna cewa auna jinin da leda mai ma'auni da kuma ba da magunguna a tare maimakon ɗaya bayan ɗaya ya rage munanan sakamako da kusan kashi 60 cikin 100. Da jini ya kai mililita 500, ungozoma ta murza mahaifa, ta ba da allurar oksitosin da tiranekzamik asid masu tsayar da jini, ta sa ruwa, ta duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, wani na riƙe mata da waya a kunne. Oksitosin ɗin da ya daɗe a kan tebur cikin zafin Afrilu ƙarfinsa yakan ragu, a firji yake zama, kuma likita ya riƙa tambayar inda aka ajiye shi.

Saran maciji, musamman a kudancin jihar, shi ne inda shawara daga nesa ke da amfani ƙwarai, tun da muna da asibitin da ya ƙware a kansa a Kaltungo. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, dafinta hana jini daskarewa yake yi, kuma mutum kan iya zuwa da ƙafarsa yana hira alhali jininsa ya tsinke. Gwajin daskarewar jini ba ya buƙatar wuta ko na'ura. A ɗebi jini kamar mililita 2 daga jijiya, a zuba a kwalbar gilashi sabuwa, busasshiya, a ajiye ta minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta sau ɗaya. Idan jinin ya gudana, dafi ya shiga, ana buƙatar maganin dafi. Inda ake kuskure shi ne a yi gwajin a cikin sirinji ko kwalbar roba, ko gilashin da aka wanke da omo, duk suna iya hana jinin mai lafiya daskarewa. Idan ya daskare a karon farko ma ba a sallami mutum ba, a maimaita bayan 'yan awoyi, a riƙe shi kwana guda. Kada a tsaga, kada a ɗaure da tsumma ko roba, kada a ba shi asfirin ko diklofenak ko ibufurofen, a guji allurar tsoka. Farasitamol ya isa. Idan dangi sun sayo maganin dafi a kasuwa, a turo wa likita hoton takardar jikinsa kafin a fasa, domin wanda aka haɗa don macizan Indiya ba ya aiki a kan kububuwarmu. Yaro da babba adadi ɗaya ake ba su, tun da dafin da macijin ya zuba ɗaya ne, kuma allurar adirenalin ta kasance a zuƙe a sirinji kafin a fara, don gudun kada jiki ya ƙi maganin dafin.

Wuta da sabis

Wutar layi ba abin dogaro ba ce, ko a cikin Gombe an ga yadda aka yi makonni a duhu a 2024 bayan an lalata turakun layin Jos zuwa Gombe. Lissafin sola kuwa mai sauƙi ne. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana jan wat 45 zuwa 65, na'urar intanet kamar wat 10, ƙwayayen fitila biyu wat 20, cajin waya da ƙananan na'urori wat 15. A ce wat 100 gaba ɗaya, awa 10 a rana, ya zama kilowat-awa 1. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da kilowat-awa 2.4, amma idan na ruwa ne rabinsa kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko. Farantai biyu masu wat 300 za su cika shi a rana guda har da rara. Abin da ke kashe irin wannan haɗin sananne ne. A jona masa firji, da dutsen guga, da cajin wayoyin unguwa, batir ya riƙa sauka ƙasa kullum, cikin wata shida ya mutu. A ajiye shi a ɗakin kwano marar iska, alhali duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage rayuwar batirin ruwa da kusan rabi. A manta da ƙara masa tataccen ruwa. A bar ƙurar hunturu ta rufe farantai, ana cewa sola ta lalace, bayan tsumma da ruwa sau ɗaya a mako ne maganinta. Batirin litiyam ya fi tsada a farko amma ya fi jure wannan duka. Layin ɗakin waya ya zama daban, kuma a kafa sandar da ke kai tsawa ƙasa kafin damina.

Sabis kuma a cikin ɗakin da za a yi aikin ake gwada shi, ba a bakin titi ba, da safe da rana da dare, har da ranar kasuwa. Saurin turawa ne abin dubawa ba na saukewa ba, domin hoton marar lafiya fita yake yi. Kusan megabit 1 a daƙiƙa ya isa bidiyo mai kyau. Rufin kwano na rage sabis, eriyar waje a kan dogon ƙarfe takan gyara abin da aka zaci ba shi gyaruwa. A riƙe layuka biyu na kamfanoni daban, don randa man janaretan wani turken sabis ya ƙare. Kada a yi wa layin rajista da lambar NIN ta ma'aikaci, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki layin ya bi shi. Bidiyon WhatsApp yana cin kamar megabait 5 a minti, marasa lafiya 20 a minti goma-goma sun cinye gigabait guda kenan, idan ba a raba lambar sirrin intanet ɗin ga masu kallon TikTok ba. Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam da ya shigo ƙasar nan a farkon 2023, yana kai wa inda babu turke, sai dai yana jan wat 50 zuwa 100 shi kaɗai, ga kuɗin wata. Ya dace da babban asibiti, ya yi wa ɗakin shan magani yawa.

Gaskiyar magana ma bidiyo shi ne mafi ƙarancin muhimmanci a cikin duka. Murya da rubutu da hoto mai kyau suna ɗauke mafi yawan aikin, kuma suna tafiya ko sabis sanda ɗaya ne. Hoton fata ko gyambo a ɗauke shi a hasken rana cikin inuwa, ba filasha, ɗaya daga nesa a ga wurin da yake a jiki, ɗaya kusa da rula a gefe. Hoton ƙirji a ɗora shi a kan farin allo mai haske a ɗaki mai duhu, a riƙe waya daidai tsakiyarsa. A tura shi a matsayin fayil, domin idan aka tura shi a matsayin hoto WhatsApp yana matse shi, ƙananan alamun da likita ke nema su ɓace.

Sirri kuwa doka ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana fallasa bayanin marar lafiya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙara ɗaurewa. A nemi yardar mutum kafin a ɗauki hotonsa ko a kunna kyamara, a gaya masa wanda ke kallo. Lambar kati ake turawa ba suna ba, fuska kuma a kauce mata sai in ita ce wurin ciwon. Hotunan kada su kwana a wayar ma'aikaci, inda yaran gida ke wasa da ita. Ɗakin ya zama mai ƙofa da labule, mace kuma a bar mata mace a kusa. Sai harshe: tsohuwar da ba ta jin komai sai Fulatanci ko Tangale ko Waja, ma'aikacin asibiti ne ya kamata ya yi mata tafinta, ba ɗanta ba, domin akwai ciwon da uwa ba za ta faɗa a gaban ɗanta ba.

Ribar da ta fi girma ba a gaggawa take ba, tana wajen masu ciwon da ba ya warkewa: hawan jini, suga, farfaɗiya, sikila, taɓin hankali. Su ne ke kashe kuɗin mota zuwa Gombe don ganawar minti biyar, in kuɗin ya gagara su daina zuwa, sai an kawo su da shanyewar ɓarin jiki. A ware musu rana guda a mako, gara ranar kasuwar garin da dama za su shigo. Tun safe ma'aikaci ya auna kowa ya tura jerin, likita ya duba, ya zaɓi waɗanda yake son gani da ido, sauran ya sabunta musu magani a rubuce. Ganin farko na mai farfaɗiya ko taɓin hankali dai gara a yi shi gaba da gaba. Kuma kowace Litinin asibitin ya tura wa likita jerin magungunan da ke akwai, in ba haka ba zai yi ta rubuta abin da babu shi daga nan har Gombe, marar lafiya ya ƙare a hannun mai kemis ya musanya masa da abin da ya ga dama.

Kuɗin sayen kaya yakan samu, na tafiyar da su ne ke wuya: data, tsinken suga, batir bayan 'yan shekaru, alawus ɗin likita. Tun kafin a buɗe a rubuta daga inda kowanne zai fito, ko daga kason asusun kiwon lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ko daga GoHealth, tsarin inshorar lafiya na jiha, ko kasafin ma'aikata. A kuma ajiye littafi guda a kowane asibiti: ranar kira, lokacin da aka buga, lokacin da aka amsa, abin da aka yanke, an tura ko an riƙe, da yadda aka ƙare. Idan kira ya ragu a wata na uku, a ɗauki littafin a kwatanta shi da tarihin kiran da ke cikin wayar likita. Nan za a gane ko batir ne ya mutu, ko data ce ta ƙare, ko kuwa ana bugawa ba a ɗauka.